Harajin Littafi Da Aljihun Uwa

Ga hutu ya ƙare, kowace uwa ta fara kwance bakin zane tana ƙirga kuɗin littafi da biro. Ran nan wata maƙwabciyata mai sayar da ƙuli-ƙuli a nan Jega ta ce mini, "Malama, wai da gaske gwamnati ta yafe haraji a kan kayan makaranta? Ni dai ban gani a ƙasa ba."

Da gaske ne, kuma ba yau aka fara ba. Tun da aka soma karɓar harajin kayan saye, wato VAT, a 1994, aka tsame littattafai da kayan karatu daga ciki. Da aka ɗaga harajin daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a Fabrairun 2020, sai aka ƙara da kuɗin makaranta, daga rabin aji har jami'a, da kuma audugar mata wadda aka yi a ƙasar nan. 'Yan mata, ku riƙe wannan, don na san nawa ne daga cikinku ke fashin aji kwana uku kowane wata. Ke nan in kin sayi littattafan naira 10,000, akwai naira 750 da doka ta hana a ɗora miki.

Sabuwar dokar haraji ta 2025, mai aiki daga Janairun 2026, ta ƙara wani abu. A da mai ɗab'i yana biyan haraji a kan takarda da tawada, sa'an nan ya fanshe a kanki ta cikin farashi. Yanzu yana da ikon neman a mayar masa da wannan kuɗin. To, ko rangwamen zai gangaro har teburin mai littafi a kasuwar Jega? Wannan shi ne abin da za mu zuba ido a kai.

Amma maƙwabciyata ba ta yi ƙarya ba. Takalmi da yadin ɗinki ba sa cikin wannan afuwa, ga ladan tela. Kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin motar da ke kawo littafi daga Kudu ya haɗiye naira 750 ɗin nan. Haka dokar ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara. Mu masu albashi mun ji daɗi, ba na musu. Amma manomin albasa a Aliero, ko matar da ke turara shinkafa a Maiyama, dama ba a yankar musu komai a ƙarshen wata, balle a rage.

Abin da ya fi taimakon irin waɗannan iyaye shi ne dokar UBE ta 2004, wadda ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne a makarantun gwamnati. In an aiko yaro da takardar neman kuɗi, ki sa maigida ya je ya tambayi hedimasta na mene ne, ya kuma karɓo rasit. In taron iyaye da malamai ya zo, ki nemi izini ki je da kanki. A wanda muka yi na bara, na ƙirga matan da suka zo da yatsun hannu ɗaya.