Yadda Za Mu Adana Ƙirgi Kafin Jima

Ƙirgin saniya dukiya ne. Da shi dukawan Agadas suke ɗinka takalma, kuma ana kai shi har kasuwannin Damagaram da Kano. Amma a nan Dagmanet, ƙiraga da yawa sukan lalace tun ba su kai hannun majemi ba. Babban dalili shi ne shanya su a ƙasa cikin rana.

A watan Mayu zafin ƙasarmu yakan wuce digiri 40. Idan rana ta bugi ɗanyen ƙirgi, bayansa ya ƙandare da sauri, cikinsa kuwa yana nan da danshi. Sai ya ruɓe daga ciki ba mu sani ba. Ranar da majemi ya jiƙa shi, sai ya yi ta hujewa. Kuɗi sun tafi ke nan.

Ga hanyar da za mu bi:

1. Mu yi fiɗa a hankali da wuƙa mai lanƙwasasshen baki, don kada ta huda fata.

2. Mu kankare nama da kitse, mu wanke jini da kashi. Kada aikin nan ya kwana, domin ruɓa tana farawa cikin awoyi kaɗan.

3. Mu haɗa sanduna 4, mu huda gefen ƙirgin, mu ɗaure shi da igiya ya miƙe. Mu tsayar da shi a inuwa, inda iska za ta bi gaba da bayansa.

4. Mai gishiri yana iya shafe gefen naman da shi: kilo 1 ga kowane kilo 3 na ƙirgi, har wajen mako 2. Farin gishirin Bilma, wato beza, ya fi kantu, domin kantu yana da ƙasa.

5. In ya bushe, mu ninka shi sau ɗaya ta tsakiyar baya, gashi a ciki. Mu aza shi bisa katako saboda gara, mu riƙa kakkaɓe ƙwari.

Gargaɗi game da lafiya: kada mu feɗe dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya. Wataƙila ciwon saifa ne, kuma yana kama mutum ta hanyar fata. Mu sanar da likitan dabbobi. Bayan kowane aiki, mu wanke hannu da sabulu.

Ƴan'uwa, mu karanta wa mahautan unguwarmu wannan shafi kafin Babbar Salla.