Zaɓen Sanda a Gajeren Rami: Misalin Rami na 12 a Augusta

A wasan ƙwallon lambu, gajeren rami shi ne wanda aka ƙayyade wa bugu uku: ɗaya na kai ƙwallo dandalin da ramin yake, biyu na zura ta. Rami na 12 a filin Augusta da ke Amurka yadi 155 ne kacal, amma rafi ya gitta a gabansa, dandalin siriri ne, iska kuma ba ta tsayawa wuri guda. Sandar ƙarfe mai lamba 9 takan cilla ƙwallo sama, inda iskar ke iya tare ta ta faɗa ruwa. Mai lamba 7 ta fi nisan zango, sai dai takan zarce zuwa yashin baya, daga nan kuwa bugu na gaba rafin yake fuskanta.

A 2016 Jordan Spieth ya jefa ƙwallo ruwa sau biyu, ya yi bugu 7, gasar Masters ta kuɓuce masa. A 2019 tuta tana dama, ɓangaren da ya fi haɗari. Molinari da Finau suka faɗa rafi. Tiger Woods ya ƙyale tutar, ya nufi tsakiyar dandali, ya tashi da uku, ya kuma lashe gasar.