Kafin ka zuba kuɗinka a sayen domen, ji yadda ta kaya da ni

Makon jiya wani ƙanena da ke gyaran waya a Agege ya kira ni da daddare. "Yaya, an ce ana sayen suna a intanet a ajiye, bayan shekara a sayar da miliyoyi. Ina da dubu ɗari uku, in zuba?" Na ce masa ya dakata. Ni ina da ɗan shagon kwamfuta a nan Fadaman Mada cikin garin Bauchi, kuma na taɓa faɗawa wannan ramin, shi ya sa na ga gara in rubuta kowa ya gani.

Domen shi ne adireshin da kake bugawa ka shiga shafi, irin mai ƙarewa da .com ko .ng. Kamfanin Verisign na Amurka ne ke riƙe da .com, namu na .ng kuwa ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005 ce ke kula da shi. Masu tallar harkar suna son kwatanta domen da fili. Kwatancen yana da daɗin ji, amma akwai inda ya karye. Fili in ka biya ya zama naka, ko ka bar shi kango shekara goma. Domen haya ce. Duk shekara sai ka sabunta, in ka yi sake wa'adi ya wuce a ɗan ɗaga maka ƙafa, daga nan sai ka fanshe shi da tara, daga nan kuma a sake shi kasuwa wani ya ɗauka.

Labarin miliyoyin ba ƙarya ba ne. A 2019 an sayar da voice.com dala miliyan 30. To amma duba sunan: kalma ɗaya ce ta Turanci, gajera, wadda duk duniya ta sani. Tun 1985 aka fara rajistar .com, irin waɗannan sunaye an daɗe da kwashe su. Abin da ya rage wa ni da kai shi ne guntattakin da manyan 'yan kasuwar suka duba suka wuce.

A 2021 na yi rajistar sunaye 23, yawancinsu .com, na zauna ina jiran mai saye. Shiru. Sai ga watan Yunin 2023, aka saki naira, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin .com da dala ake lissafa shi, dala goma da 'yan kai a shekara, sai hayar tawa ta ninka wajen uku. Dole na saki 19 ina ji ina gani. Cikin huɗun da suka rage, ɗaya tak ne ya taɓa kawo mini ko sisi, kuma shi ne wanda na gina wani abu a kansa.

Abin da na gina ba wani abin a zo a gani ba ne. Baƙi kan shigo shagona suna tambayar yadda ake zuwa Yankari. Sai na haɗa shafi da WordPress na amsa tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya: a bi hanyar Gombe, a karya a Dindima, ƙofar shiga tana Mainamaji, da rani aka fi ganin dabbobi saboda ciyawa ta bushe, a tafi da kayan wanka saboda ruwan ɗumi na Wikki. Hotunan ni na ɗauka da wayata. Wata shida babu motsi. Daga baya mutane suka fara shigowa daga Google, har wasu direbobi biyu masu motar haya suka nemi in sa lambarsu, suna ba ni wani abu duk wata. Ba kuɗin gina gida ba ne, amma yana biyan hayar sunan da ta masaukin shafin, har ya rage na data.

Wannan aikin na sa shafi ya fito a sahun gaba in an yi bincike shi ake kira SEO. Google yana da na'urori masu zagaya shafuka dare da rana, suna karantawa suna ajiyewa. In wani ya buga tambaya, sai a jero masa waɗanda ake ganin sun fi amsa ta. Da can in sunan domen ɗinka ya yi daidai da abin da aka buga, ko shafin fanko ne yakan hau sama. A watan Satumbar 2012 Google ya rage wa wannan dabara ƙarfi. A watan Maris na 2024 kuma ya fito da ƙa'ida a kan masu sayen tsohon domen da wa'adinsa ya ƙare su cika shi da tarkace don cin gajiyar tsohon sunansa, da masu zuba ɗaruruwan shafuka marasa amfani. Saboda haka duk wanda ya ce maka sunan kaɗai ya isa, ko ka sa na'ura ta rubuto maka shafi dubu a dare ɗaya, tsohon yayi yake sayar maka.

Abin da na ga yana aiki shi ne ka rubuta kan magana yadda mutane ke bugawa a waya. Bahaushe ba ya tsayawa neman ƙ da ɗ masu lanƙwasa in yana bincike, "kudin mota" zai rubuta, don haka kada ka sa su a sunan domen. Ka rage nauyin hotuna, domin mai karatunka yana kan waya ne da data ta awo, in shafi ya yi nawa ya tafi. Ka yi rajista da Search Console na Google, kyauta ne, zai nuna maka ainihin kalmomin da suka kawo mutane wurinka. Ni a nan na gane cewa masu neman Yankari sun fi bugawa da Turanci, sai na ƙara ɓangaren Turanci.

Wannan batu na harshe ku ya fi shafa. Mai neman ragon layya a Legas galibi da Turanci zai nema, mai neman tashar da ake lodin Bauchi kuwa ɗan uwanmu ne, da Hausa zai buga. Ku da kuke Mile 12, Oko-Oba, Akinyele da Lokpanta kuna riƙe da sanin da ba kowa ya rubuta ba: yaushe tumatir ke sauka, yaya ake gane lafiyayyar dabba, ƙarfe nawa mota ke tashi. Wani a Indiya ba zai iya kwafe muku wannan ba.

Akwai wuraren da ake ƙonewa. Kada ka yi rajistar sunan banki, kamfani ko wani sanannen mutum da nufin su zo su fansa. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta hana, hukuncin zai iya kai ɗaurin shekara 2 ko tarar naira miliyan 5, ko duka biyun. In tsohon suna za ka saya, leƙa archive.org ka ga abin da aka taɓa yi da shi, kada ka gaji gidan caca ko na batsa. Sannan rajistar ta kasance da sunanka da imel ɗinka, ba na yaron da ya haɗa maka shafin ba, don ranar da kuka ɓata shi ne mai gida. Ni kuma an taɓa aiko mini da saƙo cewa za a sayi wani sunana dala dubu takwas, amma sai na fara biyan kuɗin takardar ƙiyasta daraja a wani shafi da suka zaɓa. Saura ƙiris in tura. Wani ɗalibi da ke zuwa buga takardu shagona ne ya ce, "Malam, ai waɗannan kuɗin takardar kawai suke nema." In ciniki na gaske ne, ana bi ta kasuwanni irin Sedo da Afternic, ko Escrow.com mai riƙe kuɗi har sai kaya ya isa hannu.

Ƙanen nawa dai na ce masa ya ɗauki guda ɗaya na .com.ng, tunda da naira ake biya kuma ya fi araha, ya rubuta abin da ya sani a kan gyaran waya a Agege, da kwatancen shagonsa da lokacin buɗewa, sauran kuɗin ya ƙara a jari. Jiya ya turo mini rubutunsa na farko, a kan abin da za ka yi in wayarka ta faɗa ruwa. Na gyara masa kan maganar, na ce ya cire hoton nan mai nauyi ya sake ɗauka da rana.