Awon azurfa da hoton buhu

A Amurka akwai mutanen da ba sa barin wata ya mutu ba su sayi 'yar azurfa sun jefa a akwati ba. Cikin abin da suke saye akwai ƙananan sanduna masu kusurwa huɗu, tsawon kowace kamar santimita 5, faɗi kamar 3, nauyi oza guda. A fuska ɗaya an buga lamba 999, ma'ana cikin kashi dubu, 999 azurfa ce zalla. A ɗaya fuskar kuma dabbar dawa ce: ɓauna, ko gaggafa ta ware fukafukai, ko kyarkeci ya ɗaga kai yana kuka, ko zaki, ko giwa, ko kifi ya yi tsalle daga ruwa. Ba gwamnati ke buga su ba. Kamfanonin 'yan kasuwa ne ke sayen azurfa, su narka, su yanka, su danna mata hatimi. Sunshine Minting da ya taso a jihar Idaho gaggafa yake sawa, Scottsdale Mint da ya faro a Arizona an san shi da zaki, ɓauna kuwa ta zama ta kowa, kamfanoni barkatai suna buga ta.

Wanda ya taɓa sayen hatsi da kaka don ya ajiye zuwa damina ya riga ya san rabin wannan kasuwa, ko da bai taɓa riƙe azurfa ba. Ka shiga Dawanau, ko kowace kasuwar hatsi da ka saba, ka ga yadda mai ajiya yake saye. Buhuna ne jibge, wani da hoton giwa, wani da zakara, wani da rubutun da babu wanda ya damu ya karanta. Mutumin nan ba ya tsayawa yaba hoton. Zai sa a soka buhu da ƙarfen nan mai kogo, ƙwaya ta zubo masa a tafin hannu, ya murza, ya duba ko akwai tsakuwa ko ƙwari, ya ciza ya ji ko ta bushe. Sannan ya tambayi mudu nawa ne a ciki. Ya san ranar da zai fitar da kayan, mai saye ma haka zai yi masa. Ɓaunar da ke jikin sandar azurfa a wurina hoton buhu ce, kuma duk hikimar sayen tana ga kada mutum ya manta da hakan a lokacin da idonsa ya fi jin daɗi.

Farko dai awo. Kamar yadda mudun wani gari ba na wani gari ba ne, oza ma iri biyu ce. Wadda ake auna kayan abinci da ita giram 28.35 ce. Ta zinariya da azurfa, wadda ake kira ozar Turoyi, giram 31.1 ce. Sanda ta gaskiya da aka ce oza ɗaya ce, in aka ɗora ta a sikeli, 31.1 za ta nuna ko ta ɗan ɗara kaɗan. Ana buga masu oza 5, da 10, da 100, da masu kilo guda, wanda ya ɗan haura oza 32. Manyan da ake cinikinsu tsakanin bankuna a Landan kuwa kusan oza dubu ne kowane, wajen kilo 30, kuma babu wanda ke ɓata lokacin zana musu dabba: sunan matata, lamba, nauyi da tsabta, shi ke nan.

Sai farashi, inda akasarin masu sha'awa ke yin tuntuɓe. Akwai farashin kasuwar duniya, wanda ke hawa da sauka kullum a Landan da New York. Amma ƙaramin mai saye ba ya samun azurfa a wannan farashin. Ana ɗora masa kuɗin narkawa da bugawa da leda da sufuri da ribar mai shago. Wannan shi ne kuɗin buhu da ɗinki da dako da la'adar dillali. A ce oza tana dala 30 a kasuwa. Sanda mara ado sai a sayar maka a 32, mai hoton damisa da aka yi wa aikin hannu, aka sa a kwali mai sheƙi aka ce kaɗan aka buga, sai a ce 45. Ka saya, ka ajiye. Ranar da buƙata ta taso ka kai shago, mai shagon zai ɗora a sikeli, ya duba farashin ranar, ya ba ka daidai da shi ko ƙasa kaɗan, don shi ma ribarsa yake nema. Damisar da ta ci maka dala 13 ba za ta shiga lissafi ba. Kafin ka mayar da uwar kuɗinka, sai azurfar kanta ta tashi da rabin farashinta. Mai sanda mara ado kuwa ɗan motsi kaɗan ya ishe shi. Shi ya sa tsofaffin hannu a harkar suke ƙirga ozojin da suka tara, kuma suka fi son manyan sanduna, tun da ɗorin da ke kan kowace oza yana raguwa idan sanda ta girma, kamar yadda sayen buhu ya fi sayen mudu-mudu sauƙi. A Ingila ma akwai wani nauyin: ana biyan harajin kaya na kashi 20 cikin ɗari a kan azurfa, alhali zinariyar ajiya an yafe mata.

Akwai kuma bambanci tsakanin waɗannan sanduna da sulallan azurfa na gwamnati, irin mai gaggafa da Amurka ta fara bugawa a 1986, ko mai ganye na Kanada da ya fito a 1988. Su sulallan kuɗin ƙasa ne a doka, na Amurka an rubuta masa dala ɗaya, na Kanada dala biyar, kuma gwamnati ce ta tsaya musu a kan nauyi da tsabta. Saboda haka sun fi tsada wajen saye, sun kuma fi saurin karɓuwa wajen sayarwa. Sandar kamfani ba ta da mai tsaya mata sai sunan kamfanin. A nan ne hoton buhu yake da amfani na gaske, amma ta wata fuska dabam. Matar gida da ta ce a sayo mata shinkafa mai hoto kaza, ba dabbar ce ta burge ta ba. Ta dafa sau da yawa ta ga ba tsakuwa. Hoton shaida ne na wanda ya cika buhun. Haka hatimin kamfanin da aka sani. Sunshine Minting, alal misali, yana cikin masu yi wa gidan buga kuɗin Amurka faifan azurfar da ake buga sulalla a kai, kuma yana sa wa sandunansa wata ɓoyayyiyar alama da ba a karanta ta sai da ɗan gilashi na musamman. Irin wannan suna ya cancanci a ƙara masa kuɗi kaɗan. Kyakkyawan zaki da babu sunan mai bugawa a bayansa kuwa, ni ba zan taɓa shi ba komai arharsa.

Dalili shi ne sauya buhu, abin da kowa ya sani a kasuwar shinkafa: a samo buhun da mutane suka yarda da shi, a ɗura wata a ciki, a ɗinke. Jabun azurfa haka suke. Ana yin sanda da tagulla, a shafa mata azurfa siririya a sama, a buga ɓauna da 999 da sunan kamfanin da bai san da zamanta ba. Wasu kuma ba sa yin ƙarya kai tsaye, sai su fake da kalmomi. Sandar da aka rubuta wa German Silver ko ƙwayar azurfa babu a cikinta, haɗin jan ƙarfe ne da tutiya da nikel. Wadda aka rubuta wa 100 Mills shafe ce kawai. Gwajin farko ba shi da wuya. Azurfa tana da nauyin giram 10.49 a kowane dunƙule mai santimita guda a tsawo da faɗi da kauri, jan ƙarfe bai kai 9 ba, don haka jabun da ya cika nauyi dole ya fi kauri, wanda ya yi daidai a kauri dole ya gaza a sikeli. Maganaɗisu ba ya kama azurfa. In an karkata sandar aka sa shi a kai, a hankali yake gangarowa kamar ana riƙe shi. Amma jan ƙarfe ma yana yin kusan haka, saboda haka wannan gwaji shi kaɗai ba hujja ba ne. Shagunan kirki suna da na'urar da ke auna ƙarfen ba tare da an kankare shi ba. Kuma duk inda ka ga ana sayar da azurfa ƙasa da farashin duniya, ka san an riga an gaya maka abin da ke cikin buhun.

Duk da haka ba na cikin masu raina zanen. Ɓaunar nan da ta cika kasuwa tana da tarihi. Wani mai sassaƙa, James Earle Fraser, shi ya zana ta a kan sulen anini biyar na Amurka da aka buga daga 1913 zuwa 1938. Ya zana ta ne a lokacin da dabbar ta kusa ƙarewa: garkunan da a da ake ƙiyasta su da miliyoyi masu yawa, farautar ƙarni na 19 ta mayar da su 'yan ɗaruruwa. An yi ta fama har suka farfaɗo, kuma a 2016 aka ayyana ta a matsayin dabbar ƙasa. Ba'amurken da ya riƙe wannan sanda yana riƙe da wani abu na ƙasarsa, kuma in ya ba ɗansa ita, yaron zai fi tunawa da ɓaunar a kan lambar da ke bayanta. Wannan abu ne mai daraja. Mutum yana da damar ya biya kuɗi don abin da ke faranta masa rai. Abin da nake so kawai shi ne ya raba aljihu biyu a zuciyarsa, ya san wannan kuɗin ajiya ne, wancan kuma kuɗin sha'awa, kada mai talla ya haɗe masa su.

Gaskiya ne akwai masu sayen buhun don kansa. Sandunan kamfanin Engelhard, da aka daina bugawa tun shekarun 1980, yau masu tara kayan tarihi suna biyan fiye da nauyinsu. Amma a dubi abin da ya sami 'yan'uwansu. A shekarun 1970 an yi yayin sanduna masu zane a Amurka, kamfanoni irin su Hamilton Mint suka yi ta fitar da jeri-jeri, na tsuntsaye, na dabbobi, na motoci, ana ce wa mutane su tara don gaba. Da azurfa ta yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 1979, jama'a suka yi layi a shaguna da kayansu, aka auna, aka watsa da yawansu a tukunyar narkawa, ba wanda ya tambayi wane tsuntsu ne a kai. Waɗanda suka tsira wasu sun yi daraja, amma ba wanda ya san tun farko wanne zai tsira. Maganar cewa kaɗan aka buga kuma, a kamfani mai zaman kansa, bakin mai kaya ne kawai shaidarta, kuma ba abin da zai hana shi fito da wani zanen mai kama da shi baɗi.

Inda hatsi ya fi azurfa shi ne yana da lokaci. Mai ajiya ya san kaka, ya san bazara, ya san tsakiyar damina, ko da yake wasu shekarun lissafin kan juye masa. In kasuwa ta ƙi, ya ci abinsa da iyalinsa. Azurfa ba ta da kaka, ba a kuma tuƙa tuwo da ita. A farkon 1979 oza tana wajen dala 6. Wasu 'yan'uwa biyu na Texas, Nelson Bunker Hunt da William Herbert Hunt, suka yi ta saye suna ɓoyewa har ta kusa dala 50 a Janairun 1980, sannan ranar 27 ga Maris ta rikito ƙasa da 11. Wanda ya saya a ƙololuwa sai da ya jira shekara 31 kafin ya sake ganin kusan wannan farashin a Afrilun 2011, daga nan kuma ta sake gangarowa zuwa wajen 14 a ƙarshen 2015. Abin da ke juya ta yana da yawa. Wajen rabin abin da ake buƙata masana'antu ke sha, a kayan lantarki da faifan hasken rana, kuma akasarin wadda ake haƙowa a ƙasashe irin su Meziko da Sin da Peru tana fitowa ne a gefen haƙar dalma da tutiya da jan ƙarfe. Don haka kuɗin makarantar yara na zango mai zuwa, ko na hayar gida, ba wurinsu ba ne nan. Abin da za a iya mantawa da shi shekaru ne ya dace.

Ajiya ba ta da wahala. Azurfa ba ta yin tsatsa, amma iska takan sa ta yi baƙi, musamman kusa da roba ko danshi. Baƙin ba ya rage nauyi. A bar ta a ledarta, kada a goge ta da abu mai kaushi, a ajiye takardar saye, kuma wani amintacce a gida ya san inda take da yawanta, don magada kada su sayar da ita a matsayin tarkace.

Musulmin da ke zaune a Amurka, ko wanda ya yi niyyar saye in ya je, yana da ƙarin abubuwan dubawa. Malaman fiƙihu sun sharɗanta cewa cinikin zinariya da azurfa da kuɗi hannu da hannu ake yin sa, don haka sayen da za a biya yau kaya su iso bayan makonni abu ne da ya kamata a tambayi malami a kansa tukuna. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da siffar mai rai ba yana da sanduna marasa hoto, su ne ma suka fi araha. Sai zakka. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, wanda malaman zamani da yawa suka ƙiyasta da giram 595, wato oza 19 da 'yan kai. Mai sanduna 20 na oza ɗai-ɗai ya riga ya haye nisabi, kuma in shekara ta zagayo suna hannunsa, zai fitar da kashi ɗaya cikin arba'in, rabin oza ke nan, ko ƙimarsa a farashin ranar da zai fitar.