Suna Ɗaya, Ma'ana Uku: Tantance Sunayen Ayyuka a Rubutun Manhaja

A Jihar Bauchi, sunan Katagum yana nufin abu uku: garin da Malam Ibrahim Zaki ya kafa, wanda shi ne hedkwatar Ƙaramar Hukumar Zaki, masarautar da aka mayar da fadarta Azare a 1916, da ƙaramar hukumar da hedkwatarta ke Azare. Muhallin zance ne ke nuna wanda ake nufi.

Irin wannan ruɗani ne ke fuskantar manhajar da ke nazarin rubutaccen umarnin kwamfuta ba tare da an aiwatar da shi ba. A irin wannan rubutu, akan raɗa wa gungun umarni mai aiki ɗaya suna, a riƙa kiran sa da shi. Idan manhajar ta ci karo da suna, takan nemi asalinsa daga farfajiya mafi kusa zuwa mafi faɗi. A harshen kwamfuta na Python, farfajiyoyin huɗu ne, kuma sunan kusa kan shafe na nesa. Don haka maimaita suna kan sa a kira aikin da ba shi ake nufi ba, lissafi ya karkace ba a ankara ba.

Haruffa masu lanƙwasa ma suna da tasiri. Tun 2008 Python ya amince da su, saboda haka "kafa" da "ƙafa" sunaye biyu ne daban, ko da idon mai karatu bai bambance ba.

Wajibi ne, ke nan, marubucin manhaja ya ba kowane aiki cikakken suna mai bayyana kansa, domin sauƙaƙa wa na'ura da wanda zai gaji rubutun.