Saurin Karatu: Ido Yana Gudu, To Ina Ƙwaƙwalwa?

A shekarar 1959 wata malamar makaranta a Amurka, mai suna Evelyn Wood, ta buɗe wurin koyar da saurin karatu a birnin Washington, inda ta yi alkawarin cewa duk wanda ya bi hanyarta zai ninka saurin karatunsa ninkin ba ninkin, ba tare da fahimtarsa ta ragu ba. Dabarar ita ce mutum ya riƙa jan yatsa a kan shafi ido yana biye, ya bar furta kalmomi a zuci, ya kuma daina komawa baya. Kafin a ce kwabo kasuwa ta buɗe mata, har wasu ma'aikatan fadar Shugaba Kennedy suka shiga ajin, Shugaba Jimmy Carter shi ma ya ɗauki irin wannan darasi bayan ya hau mulki a 1977.

Ba abin mamaki ba ne. Ɗalibin da jarrabawa ta ƙarato ga littattafai jibge a gabansa, da ma'aikacin da fayil ya cika masa tebur, kowannensu zai so a ce akwai hanyar yanke. Sai dai shi ido yana da iyakarsa.

Tun wajen 1879 wani likitan ido Bafaranshe, Emile Javal, ya bayyana cewa ido ba ya tafiya sumul a kan layi kamar yadda ake zato. Tsalle yake yi kamar fara: ya dira, ya tsaya kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na daƙiƙa, ya sake zabura. A lokacin tsayawar nan kaɗai yake ɗaukar rubutu, kuma bincike na baya ya nuna abin da yake amfana da shi bai wuce haruffa 3 ko 4 ta hagu da 14 ko 15 ta dama ba. Ke nan batun a ce wani yana haɗiye shafi guda da kallo ɗaya, zance ne kawai. A 2019 wani masani ɗan ƙasar Beljiyam, Marc Brysbaert, ya tattara bincike masu yawa, ya samu cewa baligi mai karanta Turanci a zuci yana cin kalmomi wajen 238 a minti ɗaya idan littafin ilimi ne, 260 kuwa idan na hikaya ne.

A 2016 aka buga wani dogon nazari na Keith Rayner da abokan aikinsa, wanda ya bi diddigin alkawuran masu koyar da saurin karatu. Abin da suka gano ba mai daɗin ji ba ne ga 'yan wannan kasuwa: muddin aka ninka sauri sau biyu ko uku, to fahimta ce za ta biya kuɗin. Abubuwan nan biyu da ake ce wa mutane su bari ma, ashe masu amfani ne. Komawa baya, wanda yakan kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na motsin ido, shi ne hanyar da mai karatu yake gyara abin da ya fahimta a karkace. Muryar nan ta zuci kuwa ita ke riƙe farkon jimla har a kai ƙarshenta, musamman idan maganar mai sarƙaƙiya ce.

To, me ke ƙara sauri na gaskiya? Sanin kalmomi da sanin fannin. Malamin asibiti zai karance takardar da ke cikin kwalin magani nan take, alhali lauya, duk da iliminsa, sai ya yi ta tuntuɓe a kanta. A ba su takardar shari'a kuwa, sai reshe ya juye da mujiya. Idonsu iri ɗaya ne, abin da ke cikin kai ne ya bambanta. Don haka yawan karatu a kullum, da neman ma'anar baƙuwar kalma maimakon a tsallake ta, su ne maganin da ba shi da gajeriyar hanya.

Wannan bai hana a yi karatun tsinci-tsinci ba idan bukata ta kama. A 1946 Francis Robinson na Jami'ar Jihar Ohio ya ba ɗalibai shawara su fara zagaya babi, su duba kanun magana, su mai da su tambayoyi, sannan su karanta suna neman amsa. Wanda ya san abin da yake nema ya san inda zai yi gudu da inda zai ja birki.

Babbar matsalar dai ita ce mantuwa. A 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya gwada kansa da haddar gaɓoɓi marasa ma'ana, ya ga mafi yawan abin da ke zubewa yana zubewa ne a sa'o'in farko da ranar farko, daga nan mantuwar ta lafa. Yawancin ɗalibai maganin da suka sani shi ne sake karantawa, su maimaita har shafin ya zama kamar fuskar ɗan'uwa, sai su ɗauka sun iya. Gane shafi daban, iya kawo abin da ke cikinsa daban.

A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka gwada haka a wata jami'a da ke birnin St. Louis. Wani rukunin ɗalibai suka yi ta maimaita karanta wani ɗan rubutu a zama huɗu. Wani rukunin suka karanta a zama ɗaya, sannan aka ɗauke takardar aka sa su rubuta abin da suka tuna har sau uku. Bayan minti biyar masu maimaici ne a gaba. Bayan mako guda kuwa sun tuna kashi 40 ne kacal cikin ɗari, su kuwa waɗanda aka wahalar da tunowa suka kawo kashi 61.

Duk wanda ya zauna a makarantar allo ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin mai hadda ba ya wanke allonsa sai ya kifa shi ya biya da ka a gaban malam, kuma tilawa ba ta barin abin da aka wuce ya kwanta. Haka mai littafin boko zai yi: in ya kai ƙarshen sashe ya rufe littafin, ya faɗi ko ya rubuta abin da ya riƙe da kalmominsa, sannan ya buɗe ya ga inda ya yi tsallake. Ya sake gwada kansa washegari, da bayan kwana uku, da bayan mako, kowane karo kafin ya leƙa shafin.