Fati Abubakar: 'Yar Jaridar Da Ta Nuna Wa Duniya Yerwa

Duk ɗan Arewa mazaunin Kurmi, ko a Agege yake, ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, in dai ya ce shi mutumin Maiduguri ne, to ya san tambayar da za ta biyo baya, watau tambayar bam da Boko Haram. Tun daga rikicin watan Yuli na 2009 sunan garin ya daina fitowa a jaridun duniya sai tare da lissafin gawa. Wannan hali shi ne ya sa wata 'yar garin, Malama Fati Abubakar, ta ɗauki kyamara ta shiga aikin jarida, alhali kuwa ba shi ta karanta ba tun farko.

Ita dai Malama Fati a Maiduguri ta tashi, ta kuma yi karatun aikin jinya a Jami'ar Maiduguri. Daga nan ta wuce Ingila, inda ta sami digiri na biyu a fannin kiwon lafiyar jama'a a wata jami'a ta birnin Landan. Tana can tana ganin yadda ake ba da labarin garinsu, abin yana ci mata tuwo a ƙwarya. Da ta komo gida cikin 2015 sai ta buɗe shafi a Instagram mai suna Bits of Borno, ma'ana ɗan abin da ya samu daga Barno, ta riƙa bin unguwa-unguwa tana ɗaukar hotuna.

Abin da ta ɗauka kuwa shi ne abin da kowane ɗan garin ya sani amma baƙo bai taɓa gani ba: 'yan makaranta da sassafe, da 'yan kasuwa a bakin rumfunansu, da mata cikin lafaya a gidan biki, da dattawa da hular Zanna, da dawakin hawan Salla. Sau da yawa takan sa 'yar maganar mai hoton a ƙarƙashi, don a ji daga bakinsa. Ba a daɗe ba manyan kafofin labarai irin su New York Times da CNN da BBC suka ba da labarinta, daga baya kuma ta tafi Jami'ar Duke ta Amurka don ƙaro ilmin wannan sana'a.

Irin wannan aiki, watau na ba da labarin gine-gine da sutura da al'adu da tafiye-tafiye, fanni ne mai zaman kansa a jaridun Turai, har akwai waɗanda suke ƙare rayuwarsu ba su rubuta komai ba sai shi. A nan Arewa ma ba baƙo ba ne. Marigayi Alhaji Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya tafi Ingila cikin 1943 tare da ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, ya bayyana wa mutanensa abin da idonsa ya gano. Sai dai daga baya siyasa ta cinye shafukan jaridunmu, aka bar wannan fanni kamar ba aikin manya ba ne.

Ga mai kallon tsarin gari kuwa, Yerwa tana da abin faɗi. Gari ne sabo idan aka gwada shi da Kano ko Katsina, don a 1907 Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa ya zauna a wurin, bayan Rabe ya rushe Kukawa a 1893. Amma tsarinsa tsoho ne. An bi al'adar garuruwan Barebari, inda ake shimfiɗa dandal, wani faffaɗan fili mai kama da titi, ya miƙe har ƙofar fadar Shehu, da masallaci a gefensa. A nan ake hawa, a nan ake taron gari. Sai kuma itatuwan darbejiya da aka jera a bakin tituna, waɗanda suka sa garin ya yi inuwa duk da zafin ƙasar. Jirgin ƙasa ya isa can a 1964, ya haɗa garin da Kurmi, kuma ta wannan hanya da ta mota busasshen kifin Baga da shanu suka riƙa gangarowa kudu.

Akwai masu ganin cewa nuna biki da ado a garin da ake zubar da jini kamar rufa wa masifa asiri ne. Wannan magana ba ta wofi ba ce, amma ba ta kama Malama Fati ba, gama ta ɗauki 'yan gudun hijira da marayu da matasan sa-kai masu tsaron unguwanni. Abin da ta ƙi shi ne a ce iyakar labarin ke nan. Kuma aikin ba na wasa ba ne: mace ce, a garin da mai yawo da kyamara cikin taron jama'a yake iya jawo wa kansa zargi, a kasuwannin da 'yan ƙunar baƙin wake suka fi hari.

Amfanin hotunan ya ƙara fitowa fili daga baya, ta hanyar da ba wanda ya so. A watan Fabrairu na 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monday, babbar kasuwar garin. A watan Satumba na 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa na jami'a da gidan namun daji, ya raba dubban jama'a da gidajensu, ya lalata kayan ɗaki da takardu. An sāke gina kasuwar, amma ɗan Yerwa da ke Ikko, in yana so ya nuna wa 'ya'yansa da aka haifa a Kurmi yadda garin kakanninsu yake kafin wuta da ruwa, wajen irin waɗannan hotuna zai nufa.